Yadda Ake Gane Ko Hanyar Haɗa Filta Mai Firam Sabuwar Dabara Ce Ko Kowane Gwani Zai Iya Gano Ta

Daga Kura da Bunkure har zuwa Auyo da Haɗejiya, duk inda injin ban ruwa ko injin casar shinkafa yake aiki, filtar iska tana cikin kayan da ake yawan canzawa, musamman daga hunturu zuwa bazara da ƙura take cika gari. Shi ya sa ake samun masu sana'a da ke haɗa ta da hannunsu: su sayo takardar tacewa, su ninke ta, su yi mata firam na kwano ko kwali ko soson roba. Rigima kan taso ta fuska biyu. Ko dai wasiƙar lauya ta iso cewa hanyar da kake bi mallakar wani ce don yana da takardar haƙƙin ƙirƙira, wato fatent, ko kuma kai ne ka gyara hanyar haɗin kana so ka yi rajista kafin a kwafa. Duk ɓangaren da kake, tambayar da za ta raba gardama ɗaya ce: ranar da aka shigar da takardar, shin mai sana'a na yau da kullum, da abin da aka riga aka sani, zai kai ga wannan hanyar ba tare da wata basira ta musamman ba?

Takardar da ke hannunsa ba ita ce hujja ba

Dokar da ke aiki a Nijeriya ita ce Dokar Fatent da Zane ta 1970. Sashe na 1 ya gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya fito daga aikin ƙirƙira, kuma ya yiwu a yi amfani da shi a masana'anta. Ya kuma fassara na biyun da cewa kada abin ya zama yana biyowa a fili daga ilimin da ake da shi, ko ta hanyar yin sa, ko ta amfani da shi, ko ta haɗa hanyoyi, ko ta kayan da aka samar, ko ta sakamakonsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, ba ya bincikar waɗannan sharuɗɗan. Sashe na 4 ya taƙaita aikinsa ga duba cikar takardu da biyan kuɗi, ya kuma ce ana ba da fatent ne bisa kasadar mai shi, babu lamunin ingancinsa. Ke nan hatimi da sa hannu ba su nuna an taɓa gwada dabarar da abin da ya gabata ba. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke yin wannan awon, kuma sashe na 9 ya ba kowa damar roƙon ta soke fatent ɗin da bai cika sharuɗɗa ba. Tana da zama a Kano da Dutse. Kotun majistare, ko ofishin 'yan sanda, ko zauren mai gari, ba su da hurumin cewa fatent ya inganta ko bai inganta ba.

Don haka idan wasiƙa ta zo, kada ka amsa laifi a rubuce ko a waya, kada kuma ka lalata mazubin da kake zuba firam a cikinsa ko tsofaffin samfura don tsoro, domin su ne shaidunka. Nemi lambar fatent ɗin da kwafinsa cikakke. Duba abu uku nan take. Na farko, a Nijeriya aka yi rajistarsa? Fatent ɗin Amurka ko Sin ko Jamus ba ya hana ka aiki a Ringim. Na biyu, shekararsa nawa? Yana ƙarewa ne bayan shekara 20 daga ranar shigarwa. Na uku, ana biyan kuɗinsa na shekara-shekara? Idan an daina, bayan rangwamen wata 6 ya faɗi.

Mataki na farko: tsaga da'awar gida-gida

Ka wuce dogon bayani da zane-zane, ka tafi ƙarshen takardar inda aka jera da'awoyi da lamba. Su ne iyakar abin da mai fatent ya mallaka. Da'awa ta 1 yawanci ita ce uwa, sauran suna rataye da ita suna ƙara mata sharaɗi.

Ɗauki takarda mai faɗi ka ja layuka. A gefen hagu rubuta kowane mataki a layinsa, da kalmomin da'awar kanta, ba da naka ba. A ce ga yadda da'awar take: a ninke takardar tacewa, a zuba layukan gam mai zafi a gicciye kan ninkin don su riƙe tazara, a kifa gefen takardar cikin kwarmin mazubi, a zuba ruwan foliyuretan mai haɗi biyu, wato ruwan da ke zama soson roba, a kwarmin ya kumbura ya zama firam da abin toshe iska a lokaci guda, a ɗora ragar waya kafin ruwan ya kama. Layi biyar ke nan.

Lura da ƙananan kalmomi, don a nan ake cin shari'a ko a faɗi. "Kafin ya kama" sharaɗi ne na jeri. "A lokaci guda" sharaɗi ne. Idan an ambaci tazarar ninki ko zafin mazubi da lamba, shi ma layi ne mai zaman kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a taƙaita da'awar a ce "ai filta ce mai bakin soso", a tafi kotu da wannan, lauyan ɗaya ɓangaren ya nuna sharaɗi ɗaya da ba a taɓo ba, shi ke nan.

Mataki na biyu: tsayar da rana

Duk abin da za ka kawo dole ya riga wata rana fita. Ranar ita ce ta shigar da takarda a Abuja, sai dai idan mai fatent ya fara shigarwa a wata ƙasa ya nemi a lissafa masa daga can, wanda Yarjejeniyar Faris ta yarda da shi cikin wata 12. Tun 2005 Nijeriya tana cikin tsarin PCT, wato yarjejeniyar da ke ba da damar neman fatent a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, saboda haka za ka iya samun fatent ɗin da ranar asalinsa ta girmi ranar isowarsa Abuja da fiye da shekara biyu. Rubuta ranar da ta fi tsufa da manyan lambobi a saman takardarka. Duk shaidar da ta fito bayanta ba ta da amfani, ko da kwana ɗaya ne.

Mataki na uku: tara abin da aka riga aka sani

Dokar ta buɗe wannan ƙofar sosai. Duk abin da ya isa ga jama'a a ko'ina a duniya, a kowane zamani, a rubuce, ko da baki, ko ta amfani, yana shiga lissafi. Fatent ɗin ƙasar waje da bai isa ya hana ka aiki ba ya isa ya rusa na wanda ya kai ka ƙara.

Fara da intanet. Google Patents da Espacenet da Patentscope duk kyauta ne, wayar hannu ma ta wadatar. Kada ka dogara da kalmomi kawai, yi amfani da lambar rukuni. B01D 46 shi ne rukunin tace ƙura daga iska, B01D 46/10 na filta mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, B01D 46/52 na mai ninki, F02M 35/024 kuma na filtar iskar inji. Taƙaita binciken ga abin da ya fito kafin ranarka. Ranar bugawa za ka duba, ba ranar shigarwa ba, domin a yawancin ƙasashe takarda tana zama a ɓoye wata 18 kafin a buga ta. Zane-zanen sukan faɗa maka rabin labarin kafin ka sami mai fassara.

Daga nan ka shiga kasuwa. A Ƙofar Ruwa da wuraren kanikawan tarakta akwai tsofaffin filtoci na motoci da janareto iri-iri. Filtar mota mai kusurwa huɗu da bakin soso ruwan lemo tsohon abu ne, an daɗe ana zuba irin wannan bakin a mazubi. Amma tsohuwar filta ba ta zama shaida sai an iya tabbatar da shekarunta: lambar kaya da ta dace da kundin kamfani mai kwanan wata, tambarin ranar ƙira a jikinta, rasit, ko kwalinta na asali. Maganar "mun daɗe muna ganin irinta" ba ta da nauyi ita kaɗai.

Akwai wata gaɓa mai santsi a nan da ta shafi fatent na hanyar ƙira. Sayar da filta ba lallai ne ya bayyana yadda aka yi ta ba. Sai ka nuna cewa gwani zai gane hanyar idan ya yanka ta. Don haka sayi guda biyu, ajiye ɗaya yadda take, yanka ɗayar da zarto mai ƙananan haƙora a kusurwa da kuma tsakiyar gefe. Idan soson ya ratsa cikin zaren takardar ya lulluɓe bakin ninkin, an zuba shi ne yana ruwa. Idan akwai layin gam tsakanin soso da takarda, daban aka yi firam ɗin aka manna. Idan ragar waya tana nutse cikin soson babu alamar yanka ko huda, an ɗora ta ne kafin ya kama. Siririn tudu da ya zagaye gefen yana nuna bakin mazubi. Ɗauki hoton kowane yanka da rula a gefensa.

Kowace shaida ta sami nata layin a tsaye a takardarka. Sa alama a duk matakin da ta nuna, ka rubuta shafi ko lambar zane. Idan shaida guda ta cike duka layukan biyar, magana ta ƙare tun a sharaɗin farko: abin ba sabo ba ne. Yawanci ba haka ake samu ba. Za ka ga ɗaya ta cike huɗu, wata ta cike na biyar. A nan ainihin gardamar take.

Mataki na huɗu: auna tazarar da ta rage

Dokarmu ba ta jera yadda za a yi wannan awon ba, shi ya sa lauyoyi kan jawo hukunce-hukuncen Ingila da na Amurka. Ba su ɗaure alƙalin Nijeriya ba, amma yana iya saurarensu, musamman na Ingila. Tsarin da kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta shimfiɗa a shari'ar Windsurfing da aka buga a 1985, ta sake tsara shi a shari'ar Pozzoli a 2007, shi ne ya fi sauƙin bi: a fayyace wane ne gwanin da abin da ya sani, a fayyace dabarar da ake da'awa, a fitar da bambancinta da abin da ya gabata, sannan a tambaya ko wannan bambancin a fili yake ga gwanin da bai taɓa ganin fatent ɗin ba.

Gwanin nan ba mutum ne na zahiri ba. Ana ƙaddara mai sana'a ne wanda ya san takardar tacewa da gam da mazubi, ya karanta abin da aka buga a fannin, amma ba shi da ƙirƙira. Mai fatent zai so a rage masa sani don komai ya zama abin mamaki. Mai ƙalubale zai so a mai da shi injiniya. Ka rubuta bayaninsa da gaskiya, don doka ta ba kotu damar zama da masana biyu masu ba ta shawara, kuma za su gane ƙari.

Wasu irin bambance-bambance sun saba faɗuwa. Canza kaya da wani sananne, kamar firam na kwano ya koma na roba ko na kwali, shi ne mafi rauni. Tun wajen 1850 Kotun Ƙolin Amurka ta soke fatent ɗin mariƙin ƙofa da aka yi da yumɓu maimakon ƙarfe ko katako, a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, ta ce wannan aikin ƙwararren ma'aikaci ne kawai. Juya matsayin sassa ma haka. A shari'ar Graham da John Deere ta 1966, kan garmar da ake ja a ƙasa mai duwatsu, bambancin shi ne an mayar da ƙafar garmar ƙarƙashin farantin da ke riƙe ta maimakon samansa, kotu ta ce a fili yake. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex kan totur ɗin mota, kotun ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, kowanne yana aikin da aka san shi da shi, yawanci ba ƙirƙira ba ce. A misalinmu, idan gam yana riƙe tazara kamar kullum, soso yana toshe iska kamar kullum, raga tana hana ninki lotsawa kamar kullum, to tara su wuri ɗaya da wuya ya tsira.

Amma kada mai ƙalubale ya ɗauka ya gama. Bai isa a ce gwani zai iya haɗa shaida ta ɗaya da ta biyu ba. Sai an nuna dalilin da zai sa ya haɗa su a wancan lokacin: matsala iri ɗaya suke warwarewa, ko ɗaya ta ambaci ɗayar, ko hanyoyin da ake da su ba su wuce biyu ko uku ba kuma an san abin da kowace za ta haifar. Bayan an ga amsa komai yakan zama mai sauƙi, kuma alƙalai sun san da wannan tarkon. Wanda ya tsinto gutsattsari daga takardu shida don ya gina da'awar, shi da kansa yake nuna cewa abin ba a fili yake ba.

Abin da ke tsayar da fatent irin wannan shi ne a nuna cewa masana sun yi gargaɗi a kan hanyar, ko sakamakon ya saɓa wa tsammani. A ce duk takardun baya sun nace sai an toshe bakin ninki da gam kafin a zuba ruwan soso, in ba haka ba zai haura ya cinye fuskar tacewa, sai wani ya gano jerin aiki ko siffar mazubin da ta kawar da wannan matakin ba tare da ruwan ya haura ba. Wannan magana ce mai ƙarfi. A ganinmu, a sana'ar filta, dabarar gaske ta fi ɓuya a kusurwa da wurin haɗuwar takarda da firam, don nan ne iska mai ƙura take zurarewa ta shiga inji.

Mataki na biyar: gwaji, idan kai ne mai dabarar

Cewa "tawa ta fi kyau" ba shaida ba ce. Haɗa filta 10 ta hanyarka, 10 ta tsohuwar hanyar da ta fi kusa da taka. Takarda ɗaya, yawan ninki ɗaya, girma ɗaya, rana ɗaya, mataki guda kawai ya bambanta. Idan ka canza takarda tare da hanya, ba wanda zai san wanne ya kawo gyaran.

Gwajin farko na haske ne: a ɗaki mai duhu sa tocila a bayan filtar ka bi gefe da kusurwoyi, duk inda haske ya huda ka yi alama ka ƙirga. Na biyu na matsin iska: lanƙwasa tiyo mai haske kamar harafin U, zuba ruwa rabi, haɗa baki ɗaya gaban filtar ɗaya bayanta a cikin akwatin da fanka ke zuƙar iska, auna bambancin tsayin ruwan da milimita. Na uku na ƙura: tankaɗe ƙura iri ɗaya, auna giram 50 a kowane zubi, sa wata takardar tacewa mai tsabta a baya wadda ka auna kafin da bayan gwajin da sikeli mai nuna giram 0.1. Ƙarin nauyinta shi ne abin da ya kuɓuce. Rubuta duka sakamakon har da wanda bai yi maka daɗi ba, da kwanan wata, da sa hannun shaida. Wannan bai kai gwajin ISO 5011 da ake yi wa filtar inji a ɗakin bincike ba, amma zai nuna maka ko akwai abin da ya cancanci kashe kuɗi.

Kula da yanayi. Ɗaya daga ruwan foliyuretan biyun, isosayanet, yana haɗuwa da danshi ya fitar da iska, saboda haka takardar da ta sha raɓar damina takan sa soson ya yi ramuka a daidai wurin mannewa, abin da ba ka gani da hunturu. Idan ka gwada taka da rani, ta abokin hamayya da damina, gwajin ya lalace. Kuma tururin wannan ruwan yana cutar da huhu, a yi zubin a fili da safar hannu, kada a bar yaran shago su yi shi a rufaffen ɗaki.

Yawan ciniki, da daɗewar matsalar ba a warware ba, da gazawar waɗanda suka gwada kafin kai, duk suna taimakawa, shari'ar Graham ma ta ambace su. Sai dai dole cinikin ya zama saboda dabarar ne. Idan ana sayen filtarka don ta fi ta kanti araha ko don shagonka ne kusa da masu injin, wannan bai ce komai ba game da ƙirƙira.

Kada ka nuna hanyar kafin ka shigar da takarda. Bidiyon da ka sa a Facebook ko TikTok yana nuna yadda kake zubi ya zama ilimin jama'a, kuma zai rusa fatent ɗinka kamar yadda na baƙo zai yi. Rangwamen wata 6 da doka ta bayar na baje kolin ƙasa da ƙasa ne da hukuma ta amince da shi, bai shafi ranar kasuwa ko taron ƙungiya ba. A Nijeriya wanda ya riga shigarwa shi ne mai haƙƙi a idon doka. Hukumar NOTAP, mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa 'yan ƙasa wajen shigar da takardu.

Kariya biyu da ake mantawa da su

Idan kana bin hanyar tun kafin ranar fatent ɗin, a Nijeriya, da kyakkyawar niyya, don sana'arka, sashe na 6 ya ba ka damar ci gaba ko da fatent ɗin ya inganta. Wannan ya fi amfani ga wanda ya riƙe hanyarsa a asirce, don aikin ɓoye bai isa ga jama'a ba, ba zai rusa fatent ba, amma zai kare mai shi. Rasit ɗin sayen sinadari, mazubin da kafinta ko mai walda ya yi maka da shaidarsa, hotunan waya masu kwanan wata, da tsofaffin yaran shago da suka yi 'yanci, su ne abin tarawa.

Ta biyu ita ce kauce wa da'awar. Wanda bai bi ɗaya daga matakan uwar da'awa ba, a ƙa'ida bai shiga gonar mai fatent ba. Idan da'awar ta ce a ɗora raga kafin soso ya kama, kai kuma kana maƙala ta a firam na kwano da ƙusar rifit bayan an gama, hanyarka daban ce. Canjin ya zama na gaske, ba na suna ba. Ka kuma ajiye bayanin yadda kake aiki a rubuce, domin sashe na 25 ya ce idan fatent na hanyar yin sabon kaya ne, aka ga irin kayan a hannun wani, za a ɗauka ta wannan hanyar ya yi shi har sai ya nuna akasin haka.

Kotu tana iya soke wasu da'awoyin ta bar wasu. Saboda haka kada ka tsaya a da'awa ta 1, yi wa kowace mai rataye da ita nata layukan, don sau da yawa uwar takan faɗi, ta 4 ko ta 7 mai ƙunƙuntaccen sharaɗi ta rage, kuma wataƙila ita ce ta dace da aikinka. Masu kai kaya Maigatari su tuna cewa hukuncin Kano ko Dutse bai ƙetare iyaka ba. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, wadda fatent ɗinta guda ke aiki a duk ƙasashen da ke cikinta, Nijeriya kuwa ba ta ciki. Kafin ka tura filta zuwa Damagaram ko Maraɗi, sai an yi binciken can daban.